GONAR INABI DA HAKKIN MA'AIKACI

Duk yaron da yake zuwa makarantar Lahadi ya sha jin labarin inabi. Ya ji Nuhu ya dasa gonar inabi, ya ji bikin aure a Kana ta Galili, ya ji misalin mutumin da ya ɗauki 'yan ƙodago zuwa gonarsa. Dattawanmu da suka koyi karatu da juyin Littafi Mai Tsarki na 1932 kuwa "anab" suke cewa. Amma a ƙasar Gagarawa da Gumel, inda rairayi ya yi yawa, damina kuma gajeriya ce, mutum zai tsufa bai taɓa ganin kurangar inabi ba, sai fa wanda ya bi ta Hunkuyi a ƙasar Kudan, kusa da Zariya, inda ake noman inabi na ci.

Saboda haka a wannan wata za mu kai ku can ƙarshen Afirka ta Kudu, bakin teku, inda muka zaga waɗansu ƙananan gonakin inabi da ɗakunan matsewarsu. Akwai abin sha'awa a wurin, akwai kuma gargaɗi dominmu.

Mafarin abin

Turawan Holan suka sauka a wurin da yanzu ake kira Kef Tawun a 1652. Shugabansu, Jan van Riebeeck, ya rubuta cewa ran 2 ga Fabrairu 1659 aka fara matse inabi a ƙasar. A 1679 aka kafa garin Stellenbosch, wajen mil 30 gabas da Kef Tawun. A 1688 sai ga waɗansu Kirista daga Faransa, ana ce da su Hugenot. Sarkinsu ya hana su yin sujada yadda suka gaskata, suka gwammace su bar gida da gona da su bar bangaskiyarsu. Aka ba su ƙasa a wani kwari wanda har yau ake kira Franschhoek, wato Lungun Faransawa. Waɗansunsu sun san aikin inabi tun daga gida.

Me ya sa inabi ya karɓi ƙasar? Can ruwan sama da sanyi tare suke zuwa, daga Mayu zuwa Agusta. Lokacin da 'ya'yan suke nuna kuwa babu ruwa, sai rana da iska mai sanyi daga teku. Iskar nan tana busar da ganye, tana rage ruɓa, inabin kuma ya nuna a hankali.

Abin da baƙo zai gani

Tun 1971 manoman Stellenbosch suka shirya hanya domin baƙi su riƙa bi gona gona. A ƙaramar gona, sau da yawa mai ita ne da kansa zai tarye ka. Za ka ga kurangu jere jere, an ɗaure su a kan waya. Wanda ya dasa yakan jira shekara uku kafin ya ɗebi amfanin kirki, kowace shekara kuma sai an yi wa rassa aski, in ba haka ba ganye ya yi yawa 'ya'ya su ƙaranta. A nan muka ƙara gane abin da Ubangijinmu ya koyar a Yahaya sura 15.

Kakarsu tana kamawa daga ƙarshen Janairu har cikin Maris. Da sassafe ake yanka nonnan inabi da hannu, a kai ɗakin matsewa. In an matse, sai a zuba ruwan a manyan tukwanen ƙarfe. Yisti ya cinye zaƙin, cikin mako ɗaya ko biyu ruwan ya zama abin sa maye. Daga nan a ajiye shi watanni cikin gangunan itace. Wanda ba ya son ya yi tsami sai ya dafa ruwan ya rufe a kwalba. Haka wani Kirista a Amurka, Thomas Welch, ya yi a 1869, domin a sami ruwan inabi marar sa maye saboda Jibin Ubangiji.

Bayan gidan maigida

Gidajen masu gona farare ne tas, ga inuwa, ga duwatsu a bayansu. Amma wa ya yi aikin? Da fari bayi ne, waɗanda aka kawo daga Madagaska, da Mozambik, da Indiya, da tsibiran Indonesiya. An soke bauta a 1834, amma wata mugunyar al'ada ta rage. Maigida yakan biya ma'aikaci wani sashi da kuɗi, wani sashi da ruwan inabi. Ana auna masa sau da yawa a yini, tun daga safe. Sunan wannan ma'auni "dop". Mutumin da ya saba da shi ba ya iya barin gonar, gama ya zama bawan ƙoƙo.

An yi dokar hana wannan a farkon shekarun 1960, duk da haka ya daɗe bai mutu ba a waɗansu gonaki, har aka sake ƙarfafa dokar a 2003. Amma doka ba ta warkar da abin da ya riga ya shiga gida. Mata masu ciki suka sha, aka haifi 'ya'ya ƙanana, masu raunin ƙwaƙwalwa, waɗanda karatu yake yi wa wuya muddin ransu. Likitoci sun tarar lardin nan yana cikin wuraren da wannan lahani ya fi yawa a duniya. Yawancin masu gonakin nan kuwa masu zuwa sujada ne kowace Lahadi. Wannan shi ne abin da ya fi ba mu tsoro.

To, mu fa?

Ba mu da inabi, amma muna da zoɓo, ga riɗi, ga gyaɗa. Zoɓon da ake tarawa a Gumel da Maigatari yana kaiwa har Meziko, inda suke jiƙa shi su sha kamar yadda muke yi. In kaka ta yi, mata da yara ne suke zama su ɓare shi daga jikin gurguzu, yini guda, ga ƙaiƙayi a hannu. Nawa ake ba su? Yaushe ake ba su?

Kakanninmu da yawa in sun kira gayya, da tulun giya suke sallamar mutane. Bishara ta raba gidaje masu yawa da wannan, mun gode wa Allah. Amma yau ga ƙwaya ta shigo. Saurayi ya haɗiya don ya yi noman mutum biyu, mai gona kuwa ya kau da kai, tun da aikinsa yana gudu. Wani ma shi yake ba da kuɗin sayenta. Ina bambancin wannan da ƙoƙon dop?

Maganar Allah ba ta bar mu cikin duhu ba. Ku karanta Littafin Firistoci 19:13, da Maimaitawar Shari'a 24:14-15, da Yakubu 5:4 tare da iyalinku. Koyarwar a fili take: a biya ma'aikaci hakkinsa cikakke, a ranar da ya yi aikin, gama da shi zai ciyar da gidansa, Allah kuma yana jin kukansa.

Kafin kaka mai zuwa, bari kowane maigida ya yanka lada da ma'aikatansa tun ba a shiga gona ba, ya biya da kuɗi ko da hatsi, ya ba su fura da ruwan sanyi, ya hana ƙwaya da giya a gonarsa. Zumuntar mata kuma ta duba 'yan'uwa masu ciki, ta gargaɗe su da ƙauna. Ubangiji ya ba mu albarkar gona, ya sa kada wani ya yi kuka saboda ita. Amin.