Kafin Baba ya sayar da fili: Wa ke biyan kuɗin shirin hutun bazara na jami'o'in Amurka?

Tabbas ka taɓa cin karo da irin wannan bidiyon a TikTok ko Instagram. Yarinya ko yaro sa'anka, sanye da riga mai ɗauke da sunan Harvard ko Yale, yana zagayawa da kai cikin ɗakin kwanansa, ga ɗakin karatu, ga wurin cin abinci. Kai kuma kana SS2, kana zaune kana lissafin ragowar datarka, zuciyarka na cewa, "Ni ma fa zan iya."

Ƙwarai za ka iya. Amma kafin ka tayar da hankalin gida, zo mu yi lissafi, domin abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne takardar biyan kuɗi.

Mene ne shirin?

Jami'o'in Amurka da yawa suna buɗe ƙofa ga ɗaliban sakandare a lokacin hutun bazararsu, tsakanin Yuni da Agusta, wato daidai lokacin da mu muke cikin damina. Ɗalibi yana zama a harabar jami'a na 'yan makonni, ya ɗanɗana karatun gaba da sakandare. A Harvard, alal misali, akwai na mako biyu wanda ba a ba da makin da zai shiga digiri, akwai kuma mai tsawon da ya kai mako bakwai wanda ake ba da maki.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, shiga irin wannan shiri daban, samun gurbin digiri daban. Kwana goma sha huɗu a Harvard ba ya mayar da kai ɗalibin Harvard, kuma ba ya zama alkawarin za a ɗauke ka daga baya. Galibin shirye-shiryen nan hanyar samun kuɗin shiga ce ga jami'o'in.

To nawa ne?

Shirin Harvard na mako biyu ya haura dala 5,000. Na Yale, wato Yale Young Global Scholars, shi ma mako biyu ne, ya haura dala 6,000. Mu ɗauki dala 5,000 kawai. Idan dala tana kan naira 1,500, ka ga naira miliyan 7.5 ke nan. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai ya yi kusan shekara tara bai taɓa ko sisi ba kafin ya tara su. Saboda mako biyu fa!

Kuma ba a nan ta tsaya ba. Akwai kuɗin cike takardar nema, wanda ba a mayarwa ko an ɗauke ka ko ba a ɗauke ka ba. Akwai fasfo. Akwai kuɗin neman biza, dala 185, shi ma idan aka hana ka ya tafi ke nan. Idan shirin na buƙatar bizar ɗalibi, akwai ƙarin dala 350 na rajistar da ake kira SEVIS. Sannan ga tikitin jirgi a lokacin da ya fi tsada a shekara, ga kuɗin kashewa.

Ita kanta bizar yanzu sai an yi hattara. A shekarar 2025 Amurka ta tsaurara dokokin shiga ga ƙasashen Afirka da dama. A watan Yuni ta sa Chadi da Sudan cikin ƙasashen da ta rufe wa ƙofa, a watan Yuli kuma ta rage wa'adin yawancin bizar 'yan Najeriya zuwa wata uku, shiga sau ɗaya. Don haka kada ka biya ko kwabo sai ka duba shafin ofishin jakadancin Amurka ka ga halin da ake ciki a ranar.

Inda sauƙi yake

Kada ka karaya tukuna. Shirye-shirye da yawa suna keɓe tallafinsu ga 'yan ƙasar Amurka ne kawai, amma na Yale yana ba 'yan ƙasashen waje tallafi gwargwadon ƙarfin iyayensu, har yakan ɗauke kuɗin shirin gaba ɗaya. Ana kuma iya roƙon a yafe maka kuɗin cike takarda. Sai dai tare ake neman gurbi da tallafin, ba wai sai an ɗauke ka sannan ka ce ba ka da hali ba. Za su nemi bayanin abin da iyayenka ke samu. Idan Baba manomi ne ko ɗan kasuwar da ba shi da takardar albashi, ka faɗi gaskiya dalla-dalla, kada ka ƙara kada ka rage. Ka kuma tambaya ko tallafin ya haɗa da tikiti, domin sau tari bai haɗa ba.

Wanda ya fi kusa da kai shi ne Yale Young African Scholars. An shirya shi ne musamman domin ɗaliban sakandare na Afirka, ba a biyan kuɗin karatu, kuma a nahiyar nan ake yin sa. An yi shi a Ghana da Ruwanda da Zimbabuwe, akwai kuma na intanet. A can ake koya wa ɗalibi yadda zai nemi gurbin jami'a da tallafin karatu, ba tare da ciwon kan bizar Amurka ba.

Ka lura da wani abu: shirye-shiryen da suka fi daraja sau da yawa su ne na kyauta. Research Science Institute da ake yi a MIT mako shida ne, ɗalibai kimanin ɗari ake ɗauka, kuma ba a biyan komai. Wahalar shigarsa ce ta ba shi kima. Masu ɗaukar ɗalibai a jami'o'i sun san bambancin wanda aka zaɓa cikin dubbai da wanda kuɗin mahaifinsa ya buɗe masa ƙofa.

Lokaci da 'yan damfara

Masu zuwa a Yuli tun Nuwamba zuwa Fabrairu suke cike takardu. Idan ka bari sai ka ga bidiyon bana, ka makara, sai baɗi. Ka duba kalandar makarantarku ma, domin zango na uku yakan kai Yuli, kuma lokacin jarrabawar WAEC da NECO ne. Shi ya sa SS1 da SS2 ne lokacin fara bincike.

Duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp cewa "an zaɓe ka" alhali ba ka nemi komai ba, ko ya ce ka tura kuɗi asusunsa ya sama maka gurbi, ka toshe shi kawai. Kai tsaye ake nema a shafin jami'a. Idan kana son shawara, akwai cibiyoyin EducationUSA a Abuja da Legas, aikinsu ke nan.

Maganar gida

Wannan ce mai wuyar. Iyayenmu idan suka ji sunan babbar jami'a, wasu za su iya sayar da fili ko shanu, ko su ci bashi, don kada su kunyata ɗansu. Kada ka bari su yi haka a kan rashin sani. Ka zaunar da Baba da Mama ka gaya musu cewa mako biyu ne, ba digiri ba ne. Kuɗin nan za su iya ɗaukar nauyin karatunka na shekaru a jami'a a gida, su saya maka kwamfuta, har su taimaki ƙannenka.

Idan gidanku akwai hali, Allah Ya sa albarka, je ka ƙaro ilimi ka ga duniya. Idan babu, ka nemi na kyauta da na tallafi, ka gyara sakamakonka, ka kama wani aiki mai amfani a unguwarku a lokacin hutu, ko da koyar da yara lissafi ne. Irin wannan ma ana rubuta shi a takardar neman jami'a, kuma ana karanta shi. Filin Baba kuwa, a bar shi inda yake.