Sifirin Mai Iska: Yadda Yake Daidaita Tsayin Motar Kaya, da Abin da Yake Ɓoyewa

LAFIYA — Fataken da ke lodin doya, riɗi da agushi a Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, sun saba auna nauyin kaya da ido: idan gindin mota ya sunkuya, lodi ya isa. Wannan ma'auni ba ya aiki a kan manyan motoci masu sifirin na iska, domin ba sa sunkuyawa.

A maimakon ganyayen ƙarfe, irin waɗannan motoci suna zaune ne bisa jakunkunan roba masu kauri, waɗanda aka kafa tsakanin aksul da gangar jikin mota. Injin mota yana juya kwamfuresa, ita kuma ta tara iska a tankuna, kamar yadda ake yi wa birki.

Akwai wani bawul a jikin motar, wanda wani ɗan sanda ya haɗa shi da aksul. Da zarar an ɗora kaya motar ta yi ƙasa, sai sandan ya motsa, bawul ya buɗe, iska ta shiga jakunkunan har motar ta koma tsayinta na asali. Idan an sauke kaya, sai bawul ɗin ya saki rarar iskar. A motocin zamani kuwa, na'urar auna tsayi ce ke aika sako ga ƙaramar kwamfuta, wadda ke buɗe bawul da lantarki. An tsara ta yadda ba za ta kula da tsallen rami na ɗan lokaci ba, don kada iska ta ɓarnata.

Dabarar ta daɗe. Kamfanin General Motors na Amurka ya sanya ta a motocin safa a 1953. Har ila yau, wata dokar Tarayyar Turai ta 1996 ta amince wa mota mai aksul uku ta kai nauyin tan 26 a maimakon 25, muddin aksul ɗin da ke tura ta yana da tagwayen tayoyi da sifirin na iska, saboda ba ya dukan kwalta kamar na ƙarfe.

Ribar ɗan kasuwa a fili take. Girgiza tana raguwa, don haka doya ba ta yawan ƙujewa, kuma doyar da ta ƙuje ita ce ke saurin ruɓewa tare da faɗuwar farashi.

Sai dai daidaituwar tsayi ba ta rage nauyi ko da kilo ɗaya. Mota na iya tsayawa cak a hanyar Akwanga ko ta Makurdi alhali lodin ya wuce kima, tayoyi da birki suna ɗauke da wahalar. Abin dubawa shi ne ƙarfin iskar da ke cikin jakunkunan, wanda ke ƙaruwa daidai da nauyi, ko kuma sikeli.

Bugu da ƙari, tsarin yana bukatar kulawa. Ƙurar hunturu na cin roba, danshin damina kuma na taruwa a tanki, don haka wajibi ne a riƙa tsiyaye ruwan. Jaka ɗaya in ta fashe, tafiya ta tsaya. Saboda haka, kafin mai jari ya sayi irin wannan mota, ya kamata ya tabbatar da samuwar kayan gyara da makanikin da ya san aikin a hanyar da zai riƙa bi.