Saurin Fushi da Gadon Ciwo: Ina Iyakar Hali, Ina Farkon Cuta?



Wani ɗalibina ne sanadin wannan lacca. Ya same ni a ofis bayan an tashi daga aji, ya rufe ƙofa, ya zauna, ya daɗe bai ce uffan ba. Da ya buɗe baki sai ya ce, "Malam, an dakatar da maganar aurena." Ashe iyayen yarinyar sun aika an yi bincike, kamar yadda al'ada ta tanada, aka komo musu da labari biyu. Na farko, baffansa ya taɓa kwanciya a asibitin masu taɓin hankali har sau biyu. Na biyu, shi kansa yaron an san shi a unguwa da saurin fushi. Suka haɗa wannan da wancan, suka yanke hukunci. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, shi ma yaron ya amince da hukuncin. Ya karanta wani bayani a intanet game da ciwon da likitoci ke kira baifola, wanda aka ce shi ke damun baffan nasa, ya kuma tabbatar wa kansa cewa ya riga ya kamu.

Ni malamin harshe ne, saboda haka ta ƙofar harshe zan shiga. Bahaushe yana da wata kalma mai faɗin ciki wadda yake zuba kome a cikinta, watau hauka. Mai yawo da tsumma a kasuwa mahaukaci ne, wanda ya hasala ya fasa tukunya shi ma sai a ce ya haukace. Amma idan muka kasa kunne ga maganar yau da kullum, za mu tarar da wani bambanci mai kyau. Idan aka ce wane yana da zafin rai, ko zuciyarsa a kusa take, hali ake nufi, abin da aka san shi da shi tun yana yaro, irin wanda aka ce zanen dutse ne. Idan kuwa aka ce, "Kwana biyun nan wane ba shi ba ne," ko "Abin nasa ya motsa," to ana maganar wani baƙon abu ne da ya zo, ya sake mutum, zai kuma tafi. Likitocin ƙwaƙwalwa ma a kan wannan bambanci suke gina bincikensu.

Tun a 1854 wasu likitoci biyu a Faransa, Jean-Pierre Falret da Jules Baillarger, suka bayyana wani ciwo mai zagayawa, wanda mai shi yakan yi sama, ya yi ƙasa, ya kuma komo daidai. A 1899 Bajamushen nan Emil Kraepelin ya ware shi daga sauran nau'o'in taɓin hankali, bisa hujjar cewa yana zuwa ne lokaci lokaci, a tsakani kuma mutum yakan koma garau. Sunan baifola, watau mai fuska biyu, ya shiga kundin Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka a 1980. Ni zan kira shi ciwon hawa-da-sauka, ko da yake na san kalmar hawa tana da wani nauyi a wajenmu, domin ita muke amfani da ita idan muka ce iska ta hau wance. Ina zato da yawa daga cikin masu wannan ciwo da wannan fassarar aka fara tarbar su a gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 40 ne ke fama da shi a duniya. Galibi yakan fara bayyana ne daga ƙarshen shekarun balaga zuwa shekara ashirin da 'yan kai, watau daidai shekarun mafi yawan ɗaliban da ke zaune a wannan zaure.

To, yaya hawan yake? Ku ɗauki wani akawu mai natsuwa, wanda ba ya wuce ƙarfe goma bai kwanta ba. Sai ga shi yana barcin awa biyu ko uku, ya tashi ba gajiya ko kaɗan. Ku lura, mai rashin barci na yau da kullum yana son barcin ya rasa, ya wuni a galabaice, shi kuwa wannan ji yake ba ya bukatarsa. Magana ta yi ta zuba daga bakinsa, ba mai iya katse shi, yana tsalle daga wannan zance zuwa wancan. Ya ga kansa ya fi kowa basira, ya fara shirin kafa kamfani uku a mako guda, ya kwashe albashi ya rabar, ya ci bashi, ya nemi aure a inda bai taɓa zuwa zance ba. Idan abin ya yi tsanani har yakan ɗauka shi wani babban waliyyi ne ko shugaba. Ƙa'idar likitoci ita ce, sai wannan yanayi ya ɗauki aƙalla kwana 7, kusan duk wuni, ko kuma ya kai ga a kwantar da mutum a asibiti. Akwai ƙaramin hawa, wanda kwana 4 ya isa a ƙidaya shi, wanda kuma sau da yawa jama'a ke ɗauka himma ce kawai ta zo wa mutum. Sauka kuwa ita ce ƙuncin rai na aƙalla mako 2: mutum ya daina jin daɗin kome, jiki ya mutu, ya ga kansa ba shi da amfani, wani lokaci har ya yi tunanin kashe kansa.

Fushi yana da gurbi a cikin wannan hoto, ba na musun haka. Wani mai hawa ba ya nuna fara'a ko zumuɗi, hasala yake yi da duk wanda ya tare masa hanya. Amma fushin nasa yana zuwa ne a cikin ayari, tare da raguwar barci da yawan magana da ƙaruwar kuzari, ya yi kwanaki, sa'an nan ya wuce tare da su. Wanda aka taka a layin banki ya yi faɗa, bayan rabin sa'a ya huce, ya ci tuwonsa ya yi barci, haka kuma yake tun yana firamare, wannan labarinsa dabam ne. Ko da yana yin haka sau biyar a rana, yawan fushin ba ya mayar da shi ciwon hawa-da-sauka.

Kada ku ɗauka jahilai ne kaɗai ke yin wannan kuskure. A Amurka, tsakanin tsakiyar shekarun 1990 da 2003, yawan zuwan yara asibiti da sunan wannan ciwo ya ninka kusan sau 40, da yawansu kuwa yara ne masu yawan hasala da bori. Da aka bi irin waɗannan yara har suka girma, sai aka ga akasari damuwa da fargaba ne ke samun su, ba hawa-da-sauka ba. Saboda haka a 2013 aka buɗe musu wani babi dabam a cikin kundin da na ambata. Idan ƙwararru sun yi tuntuɓe a nan, ba abin mamaki ba ne surukai su yi.

Abubuwan da ke kawo yawan fushi suna da yawa, mafi yawansu kuma sun fi wannan ciwo kusa da mu. Akwai ƙarancin barci, da bashi, da yunwa, da zaman gida mai rikici. Akwai ciwon damuwa shi kaɗai, wanda a jikin maza da samari sau da yawa da faɗa yake fitowa. Akwai wanda ya ga tashin hankali da idonsa, abin ya zauna masa a rai. Akwai ƙullutun nan na wuya wanda kumburinsa ke kawo maƙoƙo, idan aikinsa ya wuce kima. Sa'an nan ga wiwi da taramol da kodin, wanda gwamnatin Nijeriya ta hana sarrafa maganin tarin da ke ɗauke da shi a 2018.

Mu koma ga gado. Mukan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, a wannan ciwo kuma maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin yana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi bin jini. Amma bari mu sa lissafi. A cikin jama'a baki ɗaya, mutum 1 zuwa 2 ne cikin 100 ke kamuwa. Wanda uwarsa ko ubansa ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya ke da shi, rabonsa yakan kai wajen 5 zuwa 10 cikin 100. Haɗarin ya ƙaru ƙwarai, gaskiya ne. Ku juya lissafin kuma ku gani: cikin irin waɗannan 'ya'ya goma, wajen tara ba za su taɓa kamuwa ba. Baffa kuwa ya fi uba nisa a jini, saboda haka rabon ɗan ɗan'uwansa ya fi wannan ƙanƙanta. Har tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, masu ƙwayoyin gado iri ɗaya sak, idan ɗaya ya kamu, ɗayan yakan kamu ne a tsakanin kashi 40 da 70 cikin 100, sauran su tsira.

Dalili shi ne gadon nan ba irin na sikila ba ne. Sikila ƙwayar gado ɗaya ce, shi ya sa ake iya ɗibar jinin saurayi da budurwa a gaya musu matsayinsu kafin ɗaurin aure. Hawa-da-sauka kuwa ƙwayoyi ne barjat, kowace da ɗan ƙaramin tasirinta. Wani babban bincike da aka buga a 2021 ya gano wurare 64 masu alaƙa da shi a cikin ƙwayoyin gadon ɗan Adam, an kuma ci gaba da gano wasu bayan nan. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da zai ce wane yana da shi. Likita da tambaya yake gane shi, yana sauraron mai ciwon da wanda ya zauna da shi shekara da shekaru. A ganina, hana mutum aure saboda ciwon baffansa zalunci ne da aka yi wa rigar hattara.

Duk da haka, sanin tarihin gida yana da amfani ga mai shi. Wanda ke da wannan ciwo a danginsa ya kiyaye barcinsa, ya nisanci wiwi. Idan damuwa ta kai shi asibiti, lalle ya gaya wa likita tarihin, domin maganin damuwa shi kaɗai yana iya tayar da hawa a jikin mai wannan ciwo. Mace kuma a sa mata ido a makonnin farko na jego, lokacin da ciwon ya fi saurin motsawa. Idan an tabbatar da shi, akwai magani. Tun 1949 wani likita a Ostareliya, John Cade, ya nuna amfanin gishirin litiyam, har yau kuma yana kan gaba, sai dai yana bukatar a riƙa auna jini saboda ƙoda. Wani maganin kuma, balfurowet, yana da haɗari ga ɗan tayi, don haka mace mai shirin haihuwa ta yi shawara da likita tukuna. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, ga na Dawanau a Kano. Wanda ya fara maganar kashe kansa, ko ya kwana uku ba barci yana ta zuba, a kai shi a ranar, kada a jira a ga abin da hali zai yi.

Shi ɗalibin nawa tambaya uku na yi masa. Ka taɓa yin kwanaki a jere ba ka bukatar barci, kana jin ƙarfi kamar doki? Ya ce a'a. Ka taɓa yin mako biyu duniya ta yi maka baƙi ƙirin? Ya ce a'a. Yaushe fushin ya fara? Ya yi dariya, ya ce innarsa takan ce tun yana goye yake cizo. Na ce masa tambayata ba ta zama hukunci ba, ya tafi wajen likita tare da yayansa. Ya je. Likitan ya shafe kusan sa'a guda da su, ya gano yaron yana kwana karatu yana shan shayi mai kauri, barcinsa bai wuce awa huɗu ba, ya kuma haɗa shi da mai ba da shawara a kan sarrafa fushi. Yayan ne ya je ya yi wa waliyyin yarinyar bayani. An sa rana bayan babbar salla.

Shugaban taro, a nan zan dakata domin a yi tambayoyi.