Kano Pillars ta sake zubi: amma a Kudu za a san ko gyaran ya yi

Ranar 22 ga Agusta, 2025, aka buɗe sabuwar kakar Firimiyar Najeriya, kuma kamar kullum tambayar da ke bakin 'yan Sai Masu Gida ita ce: wa ya zo, wa ya tafi? Daga nan Uke, kan hanyar Abuja zuwa Keffi, nake rubuta muku wannan bayani, 'yan uwa na Sabon Ibadan da Shagamu, da Agege da Idi-Araba, da Ama Hausa ta Owerri, da Fatakwal. Abin da nake son mu fahimta shi ne, sauye-sauyen da aka yi a lokacin hutu ba a Ƙofar Mata za a auna su ba. A ƙofar gidajenku za a auna su.

Bari mu fara da abin da ya sauya.

Babban labarin hutun 2025 ba sayen ɗan wasa ba ne, kujera ce. A watan Yuli gwamnatin Kano ta naɗa Ahmed Musa babban manajan ƙungiyar, alhali bai rataye takalminsa ba. Wanda bai san tarihinsa da Pillars ba sai ya ɗauka baƙo ne aka ɗauko daga Turai. A nan ya yi suna, a kakar 2009/2010, inda ya ci ƙwallo 18 a gasar. Daga nan ya wuce VVV-Venlo ta Holan, sai CSKA Moscow, sai Leicester ta Ingila a 2016, sai Al-Nassr ta Saudiyya. Ya dawo Pillars na ɗan lokaci a 2021, ya sake dawowa a Oktoban 2024, lokacin da Shehu Abdullahi shi ma ya shigo, kuma a wasansa na farko ya zura wa Sunshine Stars biyu.

Wannan naɗi yana da fuska biyu. Mutumin da ya ga yadda ake tafiyar da ƙungiya a Rasha da Ingila ya san abin da ɗan wasa ke buƙata, kuma sunansa kaɗai zai iya jawo kamfanonin da za su zuba kuɗi. To amma ku duba ɗaya ɓangaren: koci ne ke zaɓen wanda zai buga ranar Lahadi, shi kuma manaja yana sama da koci. Ranar da ƙafar manaja ta yi sanyi, wa zai ce masa ya zauna a benci? Ba zargi nake yi ba, tsari nake magana a kai. In ba a raba aikin ofis da na fili tun yanzu ba, tsakiyar kaka za a ji ɗuriyarsa.

Sauyi na biyu shi ne na mai horarwa. Usman Abdallah, wanda ya ci wa Enyimba gasar a 2019, ya tafi, Evans Ogenyi ya dawo. Ogenyi ba baƙo ba ne, shi ya fito da ƙungiyar daga rukunin 'yan dagaji a 2023. Sai dai ku lissafa da ni: Ogenyi a 2023, Abdu Maikaba a kakar 2023/2024, Usman Abdallah a 2024/2025, sai kuma Ogenyi a 2025. Kowace kaka da sabon malami. Shi kuwa sabon koci ba ya zuwa hannu rabbana, da yaransa yake zuwa, waɗanda ya tarar kuma wasu sai su nemi gaba.

A nan ya kamata in yi bayanin yadda kasuwar 'yan wasa take a gida, domin da yawanmu ƙwallon Turai muka fi sani, sai mu riƙa auna tamu da mudunsu. A can ƙungiya na ba ɗan wasa kwantiragin shekara huɗu ko biyar, duk mai son sa sai ya biya maƙudan kuɗi. A nan galibin kwantiragi gajere ne, shekara ɗaya ko biyu. Kaka na ƙarewa, yaron da ya haskaka ya zama na kowa: ko wata ƙungiya ta ɗaga masa albashi, ko dillali ya kai shi Arewacin Afirka ko wata ƙaramar gasa a Turai. Ƙungiyar da ta rene shi sau da yawa ba ta samun abin kirki. Ƙari a kan haka, yawancin ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne, har da Pillars. Ma'ana ba a shiga kasuwa sai an saki kuɗi daga ofis, in kuwa takarda ta makale a kan tebur, kafin a farga nagartattun sun ƙare. Shi ya sa za ku ga ana tara yara da yawa a sansani ana gwaji, ana buga gasannin share fage irin su Ahlan Cup a Kano, a tace a zubar, har kusan ranar buɗe gasa.

Saboda haka idan kuka ga an jera sababbin 'yan wasa goma sha wani abu da riguna a hannu a Facebook, kada murna ta yi yawa. Yawan sababbin fuskoki sau da yawa alama ce ta cewa ginin bara ya rushe. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: mutum nawa aka riƙe daga cikin 11 da suka saba bugawa tare, musamman mai tsaron raga da 'yan baya?

Ku dubi waɗanda suka ɗauki kofin kakar 2024/2025. Remo Stars ta Ikenne, maƙwabtan 'yan Shagamu, ƙungiya ce ta mutum ɗaya, Kunle Soname. Tana da filinta, tana da makarantar renon yara ta Beyond Limits, kuma ta bar Daniel Ogunmodede a kan aiki shekara da shekaru. Sau biyu a jere tana ƙarewa ta biyu, ba a kore shi ba, sai a 2025 ta ci gasar karon farko a tarihinta. Haƙuri ne ya dafa wannan dutse. Ita ma Pillars da ta ci gasar a 2012 da 2013 da 2014, bayan ta 2008, da gungun 'yan wasan da suka daɗe tare ta yi hakan, irin su Rabi'u Ali Pele da Gambo Muhammad.

Maganar Pele kuwa, ita ce ta uku. Mutumin ya haura shekara 40, amma har a kakar 2024/2025 yana cikin masu ci wa ƙungiyar ƙwallo, kuma bugun tazara da fenariti har yau hannunsa ake kallo. Allah ya ƙara masa lafiya. Sai dai gaskiya ɗaya ce: ƙungiyar da ƙarfin gabanta ya rataya a wuyan dattawa biyu, Pele da Musa, dole ta nemi matasan da za su yi musu gudu, ta kuma fara shirya magada. Wasa 38 ne, ba wasa 10 ba.

Yanzu ga inda maganar ta shafe ku kai tsaye. Ƙungiyoyi huɗu sun faɗi a kakar 2024/2025: Heartland, Akwa United, Sunshine Stars da Lobi Stars. Huɗu sun hau: Barau FC ta Kano, Wikki Tourists ta Bauchi, Warri Wolves, da Kun Khalifat ta Owerri. Idan kuka ƙirga ƙungiyoyi 20 na kakar 2025/2026, 11 na Kudu ne: Remo Stars, Shooting Stars, Ikorodu City, Bendel Insurance, Warri Wolves, Bayelsa United, Rivers United, Enyimba, Abia Warriors, Rangers da Kun Khalifat. Wato cikin wasanni 19 da Pillars za ta buga a waje, 11 a wajenku ne. Maki 33 ke nan a ajiye a Kudu.

A gasarmu kowa zaki ne a gidansa. Pillars ta taɓa shafe shekara 12 ba a doke ta a Kano ba a gasar, sai a 2015 Nasarawa United ta karya wannan tarihi. Mu da muke zaune a jihar Nasarawa har yau ba mu huta da gorin nan ba a gidajen kallon ƙwallo na Uke. To in kowa na cin na gida, me ke raba zakara da na tsakiyar tebur? Makin waje. Canjaras a Aba, nasara a Benin, su ne ke kai ƙungiya gasar Afirka, inda biyun farko ke zuwa Kofin Zakarun Afirka, ta uku kuma Kofin Confederation. Rashinsu kuma shi ke jefa ƙungiya cikin huɗun ƙarshe. A kakar 2024/2025 mun ga abin zai yiwu, ranar da Pillars ta doke Rangers 4-3 har Inugu. Matsalar ita ce irin wannan rana ba ta yawaita ba.

Kuma ku da kuke bin hanyar nan kun fi kowa sanin dalili. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne. Ɗan wasan da ya kwana a mota ya sauka da kumburarriyar ƙafa ba zai yi gudun minti 90 ba. Ga haɗarin hanya: a Maris ɗin 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, tana kan hanyar Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni. Don haka ni a wurina, jarrabawar farko ta sabon manaja ba sunayen da ya saya ba ne. A ga yadda ƙungiya ke tafiya, a jirgi ko a mota, kwana nawa take isa kafin wasa, kuma ko albashi da alawus na fita a kan lokaci.

Akwai kuma makin da ba abokin hamayya ke ƙwacewa ba, mu ke zubar da shi da hannunmu. A Afrilun 2022 rikici ya ɓarke a wasan Katsina United a filin Sani Abacha, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasar ta rage wa Pillars maki, ta mayar da wasanninta na gida Abuja, ƙarshen kakar kuma ƙungiyar ta faɗi, karon farko cikin shekaru masu yawa. A kakar 2025/2026 ga Barau FC a gari ɗaya, wasan hamayya zai yi zafi, sai a kiyaye. Ku kuma 'yan uwa mazauna Kudu kun san abin da dutse ɗaya a Kano ke iya jawowa mai shago a Sabo ko mai sayar da albasa a Mile 12. Idan Pillars ta zo garinku, ku fita ku cika ɓangarenku, ku sa rigarku, ku buga gangarku. In an ci mu, a yi wa masu gida barka a koma kasuwa, domin ƙungiya za ta hau mota ta tafi, ku ne za ku kwana a garin. A kuma riƙa tabbatar da filin da za a buga kafin a kama hanya, don wasu ƙungiyoyin kan ƙaura idan ana gyaran filinsu.

Ga abubuwa uku da zan sa wa ido kafin a kai hutun rabin kaka: maki nawa aka kwaso daga wasanni biyar na farko a waje, ƙwallo nawa suka fito daga ƙafar matasa ba dattawa ba, sannan ko za a bar koci ya yi aikinsa idan aka yi rashin nasara biyu a jere. In ukun nan suka daidaita, ƙungiyar da ta fitar da Al Ahly ta Masar ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Afirka a 2009 za ta iya fara tuna ko ita wace ce. In ba su daidaita ba, baɗi war haka za mu sake jera sababbin riguna muna tafi.

Allah ya kai mu lafiya, ya tsare matafiya. Sai Masu Gida!