"Na tafiya, na fada, na kewar gida": yadda matasan Nijar ke jera waƙoƙi a waya

A kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa, kusa da masu gyaran waya da masu cajin batir, ba a rasa saurayi zaune gaban tsohuwar kwamfuta, igiyoyi sun kewaye shi. Sana'arsa tura waƙa a katin memori. Masu saye da dama ba sa zuwa da sunan mawaƙi ko ɗaya. Wani zai ce a sa masa "na tafiya", wani "na biki", wata ta ce "masu sanyi" ta kawar da kai. Mai turawa ya gane, ya buɗe jakar da ta dace ya zuba. Kati mai giga 4 yana ɗaukar waƙoƙi kusan 1,000, don haka gwanintar ba ta cika kati ba ce, ta sanin abin da zai bi bayan wani ce.

Wannan jerin waƙoƙi bisa yanayin zuciya shi ne hajar da manyan manhajoji ke talla da ita a yau. Spotify ya faɗaɗa zuwa ƙasashen Afirka da dama a 2021, Boomplay yana zuwa a cikin wayoyin Tecno da Itel da Infinix tun daga kwali, ga kuma Audiomack da YouTube. Sai dai kuɗin intanet ba wasa ba ne ga mai neman na tuwo, kuma wanda ya taɓa bin hanyar Tanut zuwa Agadas ya san inda layi ke ɗaukewa. Kati ba ya neman layi. Xender da Bluetooth ma haka.

Raba kiɗa bisa bukata ya girmi waya nesa ba kusa ba. Manoma na da gangar noma da ke sa ƙato ya manta da zafin rana a gayya. Mahauta na da kalangu, maƙera na da dundufa, sarauta na da tambari da algaita da kakaki. Ɗan Anace ya yi wa 'yan dambe, kuma duk wanda ya halarci gasar takobi ta kokowar gargajiya ya ga yadda kirari ɗaya ke tayar da tsikar ɗan kokowa kafin ya shiga fili. Abin da ya sauya shi ne, a da makaɗi ne ke karanta fuskar taro ya zaɓi abin da zai buga. Yanzu kowa da makaɗinsa a aljihu.

Yini guda ya isa a ji wannan tsari. Da asuba ƙira'a ce ke tashi a shaguna, ta Sudais ko ta Alaramma Ahmad Sulaiman, kuma da wuya mai shago ya buɗe da waƙar soyayya ko da shi ne sarkin masoya. Hantsi ya yi, teloli da 'yan kabu-kabu sun koma masu zafi, su Ado Gwanja da Hamisu Breaker, wanda "Jaruma" ɗinsa ta mamaye gidajen biki a 2020. Da yamma a fada, gawayi ya kama, buta ta hau, sai a sassauto: jitar Bombino ko ta Tinariwen, mai tafiya a hankali kamar raƙumi, wadda ke barin wuri ga hira har a kai shayi na uku. Dare ya raba, Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef su karɓi aiki a cikin abin kunne, inda ba mai ji balle ya yi tsiya. In azumi ya kama kuwa, jakunkuna da yawa sukan tafi hutu, wa'azi da ƙasidu su maye gurbinsu.

Jakar da ta fi nauyi ita ce ta 'yan bida. Saurayin da a gida yake yi wa mahaifinsa dariya don yana sauraron Shata ko Ɗan Gurmu, shi ne bayan wata shida a Tamanrasat ko Sabha ko Abijan zai aika saƙon murya ta WhatsApp yana roƙon ƙanensa ya turo masa su. Ba daɗin kiɗan kaɗai yake nema ba. A cikin muryar akwai rediyon zaure, da karin harshen garinsu, da sunayen garuruwan da ya sani. Haka mutumin Katsinar Maraɗi ke ji in muryar marigayiya Hamsu Garba, wadda ta rasu a 2022, ko ta Fati Nijar ta tashi a ɗakin da mutum takwas ke kwana bayan aikin gini.

Irin wannan jaka magani ce, amma tana da ƙa'idar sha. Wanda ya kwanta da waƙar rabuwa, ya tashi da ita, ya maimaita ta sau ashirin, miki yake sosawa. Masu jinya da kiɗa suna da wata dabara da wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Ira Altshuler, ya bayyana tun shekarun 1940: a fara da kiɗan da ya yi daidai da halin da mutum ke ciki, sannan a riƙa sauyawa kaɗan-kaɗan zuwa inda ake so zuciya ta kai. Mai baƙin ciki ba a tarar sa da kiɗan ƙwarya, don haushi zai ba shi. A ba shi masu sanyi biyu ko uku, sai mai ɗan motsi, sai wadda ke tuna masa ranar salla. Gwanayen masu tura waƙa sun daɗe suna yin haka ba tare da sun ji sunan likitan ba.

A nan ne na'ura ke tuntuɓe. Manhaja tana auna saurin kiɗa da ƙarfin sauti da abin da wasu suka saurara, sai ta yanke cewa wannan ta murna ce, waccan ta baƙin ciki. Waƙar Hausa kuwa a baki take. "Gagarabadau" ta Shata kalangu ne mai sa rawa, amma zambo ne tsantsa. Wanda ya saka ta a lasifika ranar da maƙwabcinsa ke biki ya san abin da ya yi, maƙwabcin ma ya sani. Haka budurwar da ta ɗora daƙiƙa talatin na wata waƙa a matsayinta na WhatsApp: ba yanayinta take bayyanawa ba, habaici ne, kuma mai shi ya riga ya gani.

Kati ya ɗaga wasu. Mdou Moctar, ɗan yankin Tawa, ya naɗi kundinsa na farko, "Anar", a Sakkwato a 2008. Waƙoƙin suka bi waya zuwa waya har arewacin Mali, inda wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya ya sa ta a tarin "Music from Saharan Cellphones" na 2011, bayan ya sha wahalar gano mai ita. Yau Mdou yana cika dandali a Amurka da Turai.

Ba kowa ke da wannan sa'a ba. Duk waƙar da aka tura a kasuwa, mai kwamfuta ne ya ci riba. Mawaƙi bai ga ko dala ba, sai dai ya jira gayyatar biki ko ta 'yan siyasa. Sunansa ma ba lallai ya tsira ba. Fayil ya ratsa waya goma, an sauya masa suna sau uku, ƙarshe ya zama "AUD-2019" da wasu lambobi, ko "tsohuwa mai daɗi 2". A jakunkunan kewar gida da ke yawo tsakanin Aljeriya da Libiya akwai muryoyin makaɗan ƙauyukan Adar da Gobir da aka kwafo daga tsoffin kasakasai, masu sauraro sun haddace su baiti-baiti, amma in ka tambayi sunan mai waƙar sai a ce a bari a tambayi tsoho a gida.