Buntu Daban, Dusa Daban: Hattara Wajen Haɗa Abincin Kaji da Kifi



Mu da ke yankin Bakolori Allah ya hore mana kayan haɗa abinci. Dam ɗin da aka kammala a 1978 ya sa ana noman shinkafa da masara rani da damina, daga Maradun har Talata Mafara da Bakura. Sai dai ina yawan ganin sabbin masu kiwo suna loda buhunan buntu daga injin casa saboda arha, daga baya su ce kaji sun daina ƙwai.

Abin da ke ba dabba ƙarfi shi ake kira kabohaidiret, kuma iri uku ne.

Na farko sukari, kamar gulukos. Nan take yake shiga jini, shi ya sa muke zuba shi a ruwan 'yan tsaki ranar da suka iso a gajiye.

Na biyu sitaci, wanda ke cikin masara, dawa, gero da gutsattsarin shinkafa. Kusan kashi 70 cikin 100 na ƙwayar masara sitaci ne. Kaza tana narka shi sosai, da shi take samun ƙarfin girma da yin ƙwai. Dalili ke nan masara kan kai rabin abincinta ko fiye.

Na uku faiba, wato taurin ɓawo da kara. Saniya tana iya narka shi, kaza kam sai ɗan kaɗan.

To, a nan matsalar take. Dusar shinkafa ta gaskiya mai laushi ce, tana da mai da sauran sitaci. Buntu kuwa ɓawo ne, faiba ce ta cika shi, ga wani sinadari irin na yashi. Ƙananan injina sukan fitar da su a gauraye. Kaza za ta cika cikinta, amma yunwa na nan. Ni kafin in saya sai na murza a tafin hannu. In ya yi kaushi yana suka, na bar shi. Ita ma dusar kar a tara da yawa, domin manta kan lalace in ta jima cikin zafi.

A wajen kifi, tarwaɗa ta fi buƙatar furotin, ba ta cin moriyar sitaci kamar karfasa. Amma sitacin da ya dahu yana riƙe ƙwayar abinci kar ta watse a ruwa, yana kuma ba ta ƙarfi, sai furotin mai tsada ya tafi wajen gina tsoka. In ya yi yawa, kitse za ta tara.

Masarar da ta yi fumfuna kuwa, ko kyauta ce kar ku karɓa. Gubarta hanta take kamawa.

Allah ya sa albarka a kiwonmu.