3.3 Ba'ar Ɗan Kallo a Gaban Allon Fim: Daga Majigin Wurno, Rabah da Goronyo zuwa Shirin Mystery Science Theater 3000

Daga cikin nau'o'in barkwancin da Bahaushe ya samu bayan zuwan Turawa, akwai wani wanda manazarta ba su cika waiwayarsa ba, wato ba'ar da ɗan kallo yake yi wa fim a daidai lokacin da fim ɗin yake tafiya. Mai yin wannan ba'a ba ya hawa dandali, ba ya kuma sa kayan wasa. Yana zaune ne cikin jama'a, idonsa a kan allo, kunnensa a wajen 'yan kallo, yana jiran inda fim zai yi tuntuɓe ya jefa maganar da za ta sa wuri ya kaure da dariya. A wannan sashe za a dubi yadda al'adar ta samu gindin zama a garuruwan Wurno da Rabah da Goronyo, sannan a kwatanta ta da wani shirin talabijin na ƙasar Amurka wanda ya mayar da irin wannan ba'a sana'a. Dalilin kwatancin shi ne, shekarun farko na wancan shiri sun nuna ƙarara abin da ake samu da abin da ake rasawa idan aka ɗauke ba'a daga bakin ɗan kallo aka mayar da ita rubutacciya.

3.3.1 Majigi da Mai Fassara

Mutanen waɗannan garuruwa, kamar sauran gundumomin tsohon Lardin Sakkwato, ta hanyar majigi suka fara sanin hoto mai motsi. Gwamnatin mulkin mallaka ta Ingila ta kafa hukumar shirya finafinan wayar da kai a shekarar 1939, ƙarƙashin jagorancin William Sellers, wani jami'in kiwon lafiya da ya yi aiki a Legas. Mota ce takan zo da injinta da farin ƙyalle da lasifika, hakimi ya sa a yi shela, bayan sallar isha'i a taru a fili. Abin da ake nunawa bai wuce tsafta da rigakafi da noma da rangadin manya ba. Fim ɗin Baban Larai, wanda ya yi bayani a kan noman auduga, yana daga cikin waɗanda suka fi zama a zukatan mutanen Arewa. A zamanin gwamnatin Jihar Arewa kuwa, an riƙa nuna tafiye-tafiyen Firimiya, Sardauna Ahmadu Bello, wanda a Rabah aka haife shi, kuma ya taɓa riƙe sarautar garin.

Abin lura a nan shi ne, da yawa daga cikin finafinan majigi da gangan aka yi su ba magana, domin a bar wa mai fassara fili ya yi bayani da harshen mutanen da ake nuna wa. Wannan ya sa tun ran farko Bahaushe bai san fim a matsayin abin da ake kallo baki rufe ba. Ya san shi ne tare da muryar wani mutum da yake tsaye tsakaninsa da hoton, yana cewa ga abin da ake nufi. To, da yake mai fassara ya buɗe ƙofa, sai 'yan kallo ma suka shiga. Yawancin finafinan an gina su a kan mutum biyu, mai wayo da ya bi shawarar hukuma ya ci riba, da wawa da ya ƙi ya sha wuya. Jami'an mulkin mallaka sun sha kokawa a rahotanninsu cewa 'yan kallo na Afirka sukan yi dariya a inda ba a shirya a yi dariya ba, har wasunsu suka ɗauki hakan a matsayin rashin fahimta. Da wuya a yarda da wannan fassara tasu. Manomin fadamar Rima da aka nuna masa yadda ake riƙon fartanya a fim ya fahimci abin da ya gani sarai, kuma dariyar ita ce amsar da yake iya mayar wa hukuma ba tare da an kai shi gaban alƙali ba.

Daga shekarun 1980 zuwa na 1990 sai bidiyo ta maye gurbin majigi. Aka sami gidajen kallo, wato zaure ko rumfa mai janareta da talabijin da benci, ana biyan kuɗi kaɗan a shiga. Finafinan Indiya da na Sin da na Amurka ake sawa, cikin harsunan da mafi yawan 'yan kallo ba sa ji. Wannan giɓi na harshe shi ya ƙara wa mai tsokaci daraja. Shi ne mai faɗin wane ne akta, wane ne bos, shi ne kuma mai raɗa wa 'yan wasa suna. A Kano, alal misali, an san Dharmendra da Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma da Ɗan Daba Mai Lasin. Finafinan ƙagen kimiyya masu arha, waɗanda suke cike da dodanni da kumbuna da halittun wasu duniyoyi, su suka fi ba shi abin faɗa, domin ƙaryarsu a fili take. Idan aka nuna jirgin baƙin sama yana lilo, yana iya cewa da karin harshen yankin, "Wanga ai hwaihwai na, ku diba zaren da anka ɗamra mai!" Idan kuwa ƙafar mutumin da ke cikin rigar dodo ta leƙo, sai ya ce, "Dodo da takalmi? Lalle ya hi mu gata."

3.3.2 Shekarun Farko na Mystery Science Theater 3000

A ranar 24 ga Nuwamba, 1988, wata ƙaramar tashar talabijin mai suna KTMA da ke birnin Minneapolis ta fara nuna wani shiri da aka gina kacokan a kan wannan ɗabi'a. Wanda ya ƙirƙiro shi ɗan wasan barkwanci ne mai suna Joel Hodgson, tare da taimakon Jim Mallon da Kevin Murphy, ma'aikatan tashar. Labarin da aka jingina shirin a kansa gajere ne. Wasu mugayen masana kimiyya sun harba wani mai shara zuwa sararin samaniya, suka tsare shi a cikin kumbo, suna tilasta masa kallon finafinai marasa kyau domin su ga wanda zai haukata shi. Shi kuma don ya tsira da hankalinsa sai ya ƙera mutum-mutumi su taya shi kallo. Biyu daga cikinsu, Crow da Tom Servo, su ne suke zama tare da shi. Ana sa fim ɗin, a ƙasan allo kuma ana ganin inuwar kujerun silima da ta su ukun, suna yi wa fim ɗin ba'a daga farko har ƙarshe.

Talaucin tashar ya bayyana a ko'ina. Da tarkacen da Hodgson ya tsinto aka haɗa mutum-mutumin, har kan Tom Servo ma kwalbar injin sayar da cingam ce. Finafinan kuwa su ne waɗanda suke jibge a ma'ajiyar tashar, ciki har da guda biyar na Gamera, wani ƙaton kunkuru na finafinan Japan mai tashi sama yana feshin wuta, waɗanda aka ɗora musu muryar Ingilishi ta ganganci. An yi kashi 21 a KTMA kafin shirin ya tsaya a watan Mayu na 1989, tashar kuma ta durƙushe a wannan shekara.

Abin da ya fi muhimmanci ga wannan nazari shi ne yadda ake yin ba'ar a wancan zango. Ba a rubuta ta. Hodgson da Trace Beaulieu da Josh Weinstein sukan zauna a gaban fim su faɗi abin da ya zo musu a baki. Saboda haka akan yi shiru mai tsawo, wani lokaci a jefa maganar da ba ta kama ba, wani lokaci kuma a dace. Wannan ita ce ainihin siffar mai tsokaci na gidan kallon Goronyo. Da shirin ya koma tashar Comedy Channel a watan Nuwamba na 1989, inda aka yi kashi 13 a zangon farko, sai tsarin ya canza. Marubuta suka riƙa kallon fim sau da yawa, suna tsayar da shi, suna rubuta kowace ba'a tare da daƙiƙar da za a faɗe ta, har ya zama kashi ɗaya yana ɗauke da ɗaruruwan maganganu. Weinstein, wanda ya fi son a ci gaba da yi da ka, ya bar shirin bayan wannan zango. Murphy ya karɓi muryar Tom Servo a 1990, Frank Conniff ya shigo, Michael J. Nelson kuma ya zama shugaban marubuta. A 1991, bayan tashar ta haɗe da wata ta zama Comedy Central, sai suka sake ɗauko finafinan Gamera guda biyar ɗin nan suka yi musu rubutacciyar ba'a. Wanda ya kalli na 1988 da na 1991 a jere zai ga bambancin ba tare da an nuna masa ba.

Rubutun ya kawo wa shirin suna. A watan Janairu na 1993 suka nuna Manos: The Hands of Fate, wani fim na 1966 da wani ɗan kasuwa na birnin El Paso ya yi ba tare da ya taɓa yin fim ba. An riga an manta da shi, amma ba'ar ta sa ya shahara fiye da yadda mai shi ya taɓa zato. Shirin ya sami lambar yabo ta Peabody ta shekarar 1993, shekarar da Hodgson ya sauka Nelson ya hau kujerarsa. Ya ci gaba har 1999, aka kuma farfaɗo da shi a Netflix a 2017.

3.3.3 Abin da Kwatancin ya Fito da Shi

Na farko, ba'ar fim tana da ƙa'ida, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Mai tsokacin da ya san aikinsa ba ya magana a kan maganar ɗan wasa, yakan jira numfashi ya faɗa ciki. Wanda ya cika baki a gidan kallo, 'yan kallo da kansu suke tsawata masa, wani lokaci mai gidan ya nuna masa ƙofa. A nan ne ɗan Wurno ya fi Hodgson shiga haɗari, domin hukuncinsa nan take ne. Su masu shirin KTMA sai da suka sa na'urar ɗaukar saƙon tarho kafin su san ko akwai mai kallonsu.

Na biyu ya shafi wanda ake yi wa ba'ar. A al'adar Bahaushe ba kowa ake tsokana ba. Sai da lasisi, irin na taubasai, ko na jika da kaka, ko na Fulani da Barebari, ko na Gobirawa da Yarbawa. 'Yan kama da 'yan gambara ma sun san iyakarsu. Fim ɗin waje ya zo a matsayin baƙon da ba shi da dangi a gari, ba ya ramawa, ba ya kai ƙara, saboda haka kowa ya mayar da shi taubashi. Sai dai sau da yawa ba fim ɗin ake nufi ba. Idan aka nuna bos mai tumbi yana cinye rabon yaransa, mai tsokaci ya ce ya yi kama da wani, kowa a rumfar ya san wanda ake nufi, ko da ba a kama suna ba. A yankin da aka kammala madatsar ruwan Goronyo tun 1984 amma manoma suka daɗe suna jiran cikar alkawarin noman rani, kuma ambaliyar 2010 ta cinye gidaje da gonaki, ba a rasa abin yi wa habaici. Wannan fuska ta habaici ita ce rubutacciyar ba'a ba ta iya kamawa, domin marubucin da ke rubuta wa ƙasa baki ɗaya bai san wanda ke zaune a benci na biyu ba.

Bahaushe ma ya bi hanyar da shirin na Amurka ya bi, amma ta wata ƙofa. Daga wajajen 2012 kamfanoni irin su Algaita a Kano suka shiga ɗora muryar Hausa a kan finafinan Indiya, suna cusa karin magana da zaurance da barkwancin da babu su a asalin fim ɗin. Wato mai tsokaci ya tashi daga benci ya shige cikin bakin akta. Kasuwar ta karɓu har masu shirya finafinan Hausa suka riƙa kukan an janye musu 'yan kallo. Bambancin shi ne, masu shirin Amurka sun bar fim ɗin yadda yake suka zauna a gefensa, suna kuma biyan kuɗin izinin nuna shi, abin da ya sa wasu kashi suka daɗe ba a sake fitar da su ba bayan wa'adin izinin ya ƙare.

Sai kuma batun adanawa. Masu shirin ba su so a riƙa maimaita zangon KTMA ba, domin suna ganinsa ɗanye ne. Mafi yawansa ya tsira ne saboda 'yan kallon Minneapolis sun ɗauka a kaset a gidajensu suna ba juna, ɗabi'ar da shirin da kansa ya riƙa ƙarfafawa a rubutun ƙarshen kowane kashi a farkon shekarun 1990. Kashi biyu na farko ba su isa hannun masoya shirin ba sai a 2016. Mai tsokacin majigin Rabah bai sami ko wannan ba. An adana wasu daga cikin finafinan da hukuma ta nuna, amma amsar da jama'a suka mayar musu a filin kallo ta tafi tare da masu ita. Yawancin gidajen kallo na yankin sun koma nuna ƙwallon ƙafa ta Turai, fim kuma ya koma cikin wayar hannu, inda saurayi yakan je shagon tura finafinai a cika masa katin waya, ya koma ɗaki ya toshe kunnuwansa ya kalla shi kaɗai.